Kafin ka taka kwale-kwale a daminar bana

Duk lokacin da kwale-kwale ya kife, sai ka ji ana tambayar ina hukumar NIMASA take. Ita aikinta na teku ne, da manyan jiragen da ke shiga Legas da Fatakwal. Sufurin jirage a koguna da madatsun ruwa yana hannun NIWA, wadda aka kafa a 1997, hedkwatarta a Lokoja. Dokarta ta hana lodin da ya wuce ƙima, ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar ruwa ga kowane fasinja. Amma daga Lokoja zuwa mashigin gulbin Gagare ko na Bunsuru akwai nisa, don haka ranar kasuwa a ƙasar Ƙaura, Shinkafi ko Zurmi, kai ne za ka tsaya wa kanka.

Da farko dubi bakin jirgin bayan an gama lodi. In tazarar da ke tsakaninsa da ruwa ba ta kai taƙi guda ba, sauka ka jira sawu na gaba, ko da ka riga ka biya. Kada ka ƙirga kawuna kawai. Babur guda da buhunan gero uku sun fi mutum huɗu nauyi, kuma kaya in suka zame gefe ɗaya, jirgi binsu yake yi. Dubi ƙasan jirgin ma: in yaro na kwarfe ruwa tun ba a tashi ba, akwai ɓaraka. A Satumbar 2024 gomman manoma suka rasu a Gummi kan hanyarsu ta zuwa gona, a ruwan da suka saba ƙetarewa kullum.

Na san halin da ake ciki. Tsoron 'yan bindiga kan sa mutane su yi rububin sawu ɗaya don kada dare ya riske su a hanya. Maganinsa sammako, da barin kasuwa tun la'asar.

In kun shiga, kowa ya zauna, kada a miƙe ko da jirgi ya yi tangal-tangal. Tuɓe babbar riga ka naɗe ta. Ke kuma mai goyo, kwance shi ki rungume a gaba, domin in aka faɗa ruwa, kan ɗan da ke baya ne ke fara nutsewa. In babu rigar ruwa, riƙe jarka wadda babu komai a ciki, murfinta a ɗaure tam. In jirgi ya kife, kama jikinsa ko jarkar, kada ka cafki ɗan'uwanka.

Masu unguwa da sarakunan ruwa su zauna da masu fito, a rubuta adadin mutane a jikin kowane jirgi da fenti. A ɗora ɗan ƙari kan kuɗin fito a sayi riguna, a kuma kai buƙata a rubuce ga ƙaramar hukuma da NIWA tun ruwa bai kawo ba.