Amsar Tambaya: Zafi Yana Cinye Mini Gashi

Tambaya: Anti, duk biki sai an miƙar mini da gashi da matsefin ƙarfe mai zafi. Yanzu sai karyewa yake yi. Mene ne mafita? Daga wata ƙanwarki a Dungas.

Amsa: Ƙanwata, zafin ne ya busar da shi. Ƙarfen da aka ɗora a kan gawayi ba shi da ma'auni, na lantarki kuwa yakan kai digiri 230, alhali gashi yana fara lalacewa ƙasa da haka. Ga kuma iskar hunturun Damagaram da ke ƙara busar da shi.

Ki hutar da shi wata biyu, ki koma kitso mara ɗauri sosai. A datse bakin da ya tsage, domin ba ya gyaruwa. Ki riƙa shafa man kaɗanya ko man riɗi kaɗan bayan wankin kai. Idan za ki koma ga ƙarfe, kada a taɓa jiƙaƙƙen gashi da shi, a rage zafin, a bi kowane sashe sau ɗaya.

In fatar kai ta ƙone ko gashi yana zuba tun daga tushe, ki je asibitin Magariya likita ya duba ki.