Darasi: Tabkin Tabalak

Jama'a, mu nan Asamaka ruwanmu na rijiya ne. Yaro yakan girma bai taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin guga ba. Amma da yawa cikinmu suna tafiya kudu, wasu fatauci, wasu ganin gida. A kan hanya za su tarar da babban ruwa. Yau darasinmu a kansa yake.

Ina Tabalak take?

Daga Asamaka zuwa Arlit kimanin kilomita 200 ne. Daga Arlit zuwa Agadas kimanin 240. Daga Agadas zuwa Tabalak kimanin 350. Ƙauyen yana cikin yankin Abalak, jihar Tawa. Idan ka iso shi, saura wajen kilomita 50 ka shiga Tawa. Tabkin yana gefen hanya, daga cikin mota ma ana hango shi.

Tarihin wurin

Tun da can, wurin mashayar makiyaya ne. Buzaye da Fulani suna kawo raƙuma da shanu da awaki. A shekarar 1971 aka fara fitar da uraniyom a Arlit. A ƙarshen shekarun 1970 aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, ta bi ta Tabalak. Motoci suka riƙa tsayawa. Masunta suka sami masu sayen kifi, mata suna suya a bakin hanya. Bayan farin 1984, gwamnati ta ƙarfafa noman rani, gandaye da garake suka yawaita a bakin ruwa. Haka ƙauye ya bunƙasa.

A 2005 aka sa tabkin cikin jerin ruwaye masu daraja na duniya, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Dalili ɗaya shi ne tsuntsaye. Da sanyi, agwagin ruwa suna tasowa daga Turai, su ƙetare hamada, su sauka nan.

Amfani da nishaɗi

A tabkin ana kama tarwaɗa da karfasa. Ana shayar da dabbobi, ana ban ruwan albasa da tumatir. Akwai kuma nishaɗi. Masunta suna yawo cikin kwalekwale. Da zafi, yara suna iyo. Matafiyi ma yakan so ya wanke ƙurar hanya.

To, a nan ake son hankali. A ƙasar Holand, inda ƙauyuka da yawa suke bakin tabki, mutane suna yawon shaƙatawa cikin jiragen ruwa. Amma tun yaro yana ƙarami ake koya masa iyo, har a ba shi takardar shaida. Mu ba mu da wannan sabo. Wanda ya iya hamada, ba lalle ya iya ruwa ba.

Abubuwa huɗu da za mu kiyaye

1. Idan ba ka iya iyo ba, kada ka wuce gwiwa. Ƙasan tabki laka ce, tana riƙe ƙafa.
2. Kada a bar yaro shi kaɗai a bakin ruwa, ko na ɗan lokaci.
3. Kada a cika kwalekwale da mutane. Abin da mai jirgi ya ce, a bi.
4. A kiyayi tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan katantanwa na ruwan kwance, ta shiga ta fatar mai wanka. Alamarta jini cikin fitsari. Wanda ya ga haka ya je gidan likita, akwai magani. Kada kowa ya yi fitsari ko bayan gida cikin tabki, don ta haka cutar take komawa ruwa.

Ruwan nan arzikin mutanen Tabalak ne. Idan mun sauka can, mu baƙi ne. Mu tambayi ƴan gari kafin mu shiga, kuma kada mu zuba shara a ciki.

Tambayoyi

1. Kilomita nawa ne daga Asamaka zuwa Tabalak? Ku tara lissafin.
2. Me ya sa ƙauyen ya bunƙasa?
3. Ta yaya tsargiya take kama mutum?
4. Wa ya taɓa bi ta Tabalak? Ya ba ƴan aji labari.