Akwatin wasan lantarki

Sabon Zongo unguwar Hausawa ce a birnin Akkara, ƙasar Gana. Malam Bako ne ya kafa ta, fiye da shekara 100 da suka wuce. Yaran unguwar, kamar na Nima da Mamobi, suna son wasan telebijin.

Wasan nan ya daɗe. A shekarar 1972, kamfanin Atari na Amurka ya fito da wani mai suna Pong. A 1980 aka yi Pac-Man a Japan. Cikin dogon akwati ake girka su. Sai an jefa kuɗi sannan a yi wasa.

Kafinta na iya ƙera irin wannan akwati a gida. Amma ba ya fara ɗaukar zarto, sai ya zana akwatin a takarda. Yana auna telebijin da na'urar wasa. Yana auna tsawon yara, don hannun ƙaramin cikinsu ya kai ga maɓallai. Daga nan ya tafi kasuwar katako.

Babban allon katako yana da tsawon santimita 244 da faɗin 122. Kowane gefen akwati yana bukatar tsawon 150 da faɗin 60. Gefe biyu za su fita cikin allo ɗaya, don 60 da 60 sun zama 120. In kafinta ya yanka 65 bisa kuskure, saura 57 ke nan. Gefe na biyu ba zai fita ba, sai ya sayi wani allo. Hausawa sun ce: sauri ya haifi nawa.

A bayan akwati, kafinta yana huda ramuka don iska ta shiga, kada na'ura ta yi zafi ta lalace. Yana sa ƙofa da kwaɗo, domin wutar lantarki tana kisa. Haɗa waya aikin mai gyaran wuta ne, ba na yara ba.

Kalmomi
zarto : la scie
katako : le bois
kwaɗo : le cadenas
awo : la mesure

Tambayoyi
1. Wa ya kafa Sabon Zongo?
2. Me kafinta yake yi kafin ya sayi katako?
3. Don me ake huda bayan akwati?
4. An cire santimita 150 daga 244. Nawa suka rage?

Aiki
Ku zana akwatinku a kan allo, ku rubuta awon kowane gefe.