Kuɗin Ɗawainiya a Tallafin Bincike: Darasi Daga Amurka

Gabatarwa

Ɗalibai da dama na ɗauka cewa idan gwamnati ta ba malami tallafin bincike, kuɗin nasa ne shi kaɗai. Ba haka abin yake ba. A wannan maƙala za mu dubi yadda ake kasafta irin wannan tallafi, tare da kafa misali da Amurka.

Rabe-raben Kuɗin

Tallafin bincike ya kasu gida biyu. Na farko shi ne kuɗin aiki, wato wanda ake kashewa a kan binciken kansa, kamar albashin mataimaka da sayen sinadarai da tafiye-tafiye. Na biyu shi ne kuɗin ɗawainiya, wanda jami'a ke karɓa domin wutar lantarki da ruwa da laburare da gyaran gine-gine da ma'aikatan akanta. Waɗannan kowane bincike na amfana da su, amma ba za a iya cewa na mutum ɗaya ne ba.

Yadda Ake Lissafi

A Amurka kowace babbar jami'a takan zauna da gwamnatin tarayya su daidaita a kan wani kaso. A nan ne mutane kan yi kuskure. Idan aka ce kason jami'a 50 ne cikin 100, ba rabin tallafin ake nufi ba. Misali, idan kuɗin aiki dala 100,000 ne, sai a ɗora dala 50,000 a kai, jimla 150,000. Ke nan jami'a ta sami sulusi ne kawai.

Taƙaddama

A 1991 an gano cewa Jami'ar Stanford ta cusa wasu kashe-kashe da ba su dace ba cikin lissafinta, har da na wani jirgin ruwan shaƙatawa. Shugabanta, Donald Kennedy, ya sanar da murabus, gwamnati kuma ta ƙayyade ɓangaren gudanarwa a kan kashi 26.

A watan Fabrairun 2025, hukumar binciken lafiya ta NIH ta ce za ta mayar da kason kowa kashi 15. Hujjarta ita ce, daga dala biliyan 35 da ta raba a 2023, biliyan 9 ɗawainiya ce ta cinye. Jami'o'i da jihohi suka garzaya kotu, wata alƙaliya a Massachusetts ta dakatar da matakin.

Abin lura a nan shi ne, ƙa'idar da NIH ta daɗe a kai ita ce biyan cibiyoyin ƙasashen waje kashi 8 kacal. Saboda haka jami'ar Nijeriya da ta sami tallafinta, ita za ta cike giɓin man janareta daga aljihunta.

Kammalawa

A taƙaice, kuɗin ɗawainiya ba riba ba ce. Haƙƙin wurin da aka yi binciken ne. Duk ɗalibin da ke da burin neman tallafi nan gaba, ya tambayi kason tun kafin ya tsara kasafinsa.