Kada mu tone magarya, mu yi mata aure inda take

Da yawa daga cikinmu sun ga magaryar nan mai manyan ɗiya da ake kira "pom di Sahel". Asalinta daga ƙasar Indiya ne. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yi ƙoƙari ƙwarai wajen yaɗa ta a Nijar. Ɗiyanta suna da zaƙi da ruwa, kuma suna da bitamin C, abin da jikin yara yake bukata.

Mun ga manoma suna shuka ƙwallonta. Wannan ba ya ba da tabbacin manyan ɗiya. Waɗansu kuma suna tono magaryar daji su kai ta garka. Nan ma wahala ce, domin saiwar magarya tana nutsewa ƙasa da nisa. In fartanya ta yanke ta, sau da yawa iccen yakan bushe. Dabarar ita ce a bar magaryar gida inda ta tsiro, a aura mata reshen pom di Sahel.

Lokacin da ya dace shi ne farkon damana, sa'ad da icce yake tofo. Mu zaɓi sabon reshe mai kaurin alƙalami a jikin magaryarmu, mu yanke kansa da wuƙa mai kaifi da tsabta, mu tsaga shi kamar tsawon gaɓar yatsa. Sa'an nan mu samo guntun reshen pom di Sahel mai kauri iri ɗaya, mai ido 2 ko 3. Mu fere gindinsa gefe biyu, mu soka cikin tsagar. Nan ne aikin yake: dole ɓawo ya haɗu da ɓawo, ko da gefe guda ne. In ba su haɗu ba, auren ba ya kamawa. Mu ɗaure tam da tsinken leda, kada iska ko ruwa su shiga.

Bayan mako 2 ko 3, idanun za su fara tsiro. Duk tofon da ya fito ƙasa da wurin ɗauri, na magaryar daji ne; mu cire shi, don yana shanye ƙarfin amarya. Kuma mu kewaye iccen da ƙaya tun ranar farko, domin akuya ba ta raina ɗanyen ganye.