Darasi na 6: Yadda ƙaro ke sa mangwaro ya daɗe bai ruɓe ba

Iyayena da yayyena, kowace shekara daga watan Maris zuwa Mayu mangwaro yakan nuna gaba ɗaya, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Wadda ta ci bashin asusu ta saro kwando biyu, in bai ƙare cikin kwana uku ko huɗu ba, sai ta karyar da shi ko ta zuba wa awaki, alhali ranar biya tana nan tafe. Wannan darasi kan yadda za mu ƙara masa 'yan kwanaki ne.

Ko bayan an tsinke shi, mangwaro yana da rai. Yana numfashi ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ɓawonsa, ruwan jikinsa kuma yana fita ta nan. Zafin bazara na ƙara saurin numfashin, shi ya sa yake saurin laushi da yamushewa. Idan aka shafa masa wani abu siriri wanda ake iya ci, ƙofofin sukan ragu, nunar ta tafi a hankali.

Ni ƙaro na zaɓar mana, wanda ake samu a jikin dakwara. Shi ne dai wanda malamai ke sa wa tawada. Jigawa da Yobe da Borno suna fitar da shi har ƙasashen waje, inda ake sa shi a alewa da lemon kwalba, don haka cinsa ba ya cutarwa. Ana yi da kakin zuma ko sitacin rogo, amma kaki na da tsada, sitaci kuwa sai an dafa.

A auna ƙaro mai haske gram 100 (a roƙi mai shago ya ɗora a sikeli), a daka, a zuba cikin lita 1 ta ruwa mai ɗumi, wato ledar fiya wata biyu. A bar shi ya kwana ya narke, da safe a tace da kyalle mai tsabta. A tsoma mangwaron minti biyu zuwa uku, a jera shi kan tabarma a inuwa har ya bushe.

Wajen zaɓen mangwaron ne aikin yake. Wanda ya ƙosa amma bai nuna ba shi ake so. A yanko shi da ɗan guntun marikinsa, kada a kaɗo shi da sanda ko a jefo shi da dutse kamar yadda yaranmu suka saba. Wanda ya bugu da ƙasa ya riga ya ji ciwo a ciki, wanda ƙuda ya sa wa tsutsa kuma ƙaro ba zai warkar da shi ba. A kifa shi ruwan marikin ya tsane, domin yana ƙona ɓawo, sannan a wanke a bari ya bushe sarai kafin a tsoma.

Na san wata za ta ce bari ta ƙara kauri don ya fi daɗewa. Don Allah kada a yi. In aka toshe ƙofofin duka, cikinsa zai yi tsami ya riƙa warin barasa. Kuma kwanaki ake ƙarawa, ba watanni ba.

Kafin mu taɓa kuɗin asusu, kowace ƙungiya ta gwada da guda 20 na bishiya ɗaya: goma a shafa, goma a bari haka, a ajiye su ɗaki ɗaya. Magatakarda ta riƙa rubuta ranar da kowanne ya nuna da ranar da ya lalace, tare da kuɗin ƙaron da aka kashe. Ku zo da littafin a zama na gaba mu lissafa tare.