Kafin Ki Miƙa Fasfonki, 'Yata

'Yata, matso nan kusa da ni. Ajiye wayar tukuna, ko da yake maganar tawa ma ta kallo ce.

Na ji kina ba ƙawayenki labarin Oloture, fim ɗin nan da Netflix ta saka a 2020. Ni ma na kalla, rabin fuskata a cikin mayafi, don akwai wuraren da ba na yara ba ne. Kenneth Gyang, ɗan Filato, shi ya ba da umarni. 'Yar jarida ce ta ɓad da kama, ta shiga cikin mata masu zaman kansu a Legas, don ta gano masu safarar 'yan mata zuwa Turai.

Alero ce ta tsaya mini a rai, matar nan da ke tara su. Kin lura ba ta ja kowa da igiya ba? Da hannunsu suka tara kuɗi suka kai mata, har da godiya. Sai da aka karɓe wayoyinsu, aka sauya musu suna, aka kai su gaban boka suka yi rantsuwa, sannan ido ya raina fata. Linda, ɗaya daga cikinsu, da aka kama ta da waya, ranta aka ɗauka. Mun saba a fim ɗan sanda ya iso a kan kari. A nan mota ta tsallake iyaka da su, fim ya ƙare. Na daɗe a zaune ban tashi ba.

Kada ki ce wannan matsalar 'yan Kudu ce. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar Nijar, gaba da Arlit, a hanyar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Yawancinsu mata ne da ƙananan yara, da dama daga Kance ta ƙasar Damagaram. Hausar da muke yi yanzu, ita suke yi. In kin samu Io Capitano na 2023, ki kalla. Samari biyu ne 'yan Sanigal da suka bi ta Agadas zuwa Libiya, za ki ga irin wannan rairayin da idonki. Gani ya kori ji.

Tamu Aleron ba ta zuwa da fuskar shanu. Hajiya ce mai fara'a da zobban zinariya, ta san sunan mahaifiyarki, wataƙila ma ta zo muku barka. Za ta ce aikatau ne kawai a Saudiyya, shara da wanke-wanke, ita za ta biya kuɗin jirgi, ki riƙa biyanta a hankali. To, bashin nan shi ne igiyar. Kullum ƙaruwa yake yi, fasfonki kuwa yana jakar wani.

Ban ga laifinki ba don kina son ki taimaki gida. Na san farashin kwanon masara. Na kuma san akwai waɗanda suka je ta halastacciyar hanya suka dawo lafiya. Sai dai ki yi tambaya. Wane gari, gidan wa, nawa ne albashi, ina takardar yarjejeniya, wa zai riƙe fasfo? Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Wadda ta ce kada ki gaya wa kowa don gudun baki, ki gudu da mayafinki a hannu. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tana nan tun 2003, tana da ofis a Kano da Sakkwato, kuma tambaya kyauta ce.

Waɗanda suka dawo kuma, da rama da shiru, kada ki shiga sahun masu nuna su da baki. Ki gaishe su, ki ja su cikin hira.

Ranar da wani ya yi miki maganar tafiya, ko da ɗan'uwanmu ne na jini, ki zo ki same ni kafin ki amsa. Ba zan yi miki faɗa ba.